Daga Ƙwarya Zuwa Shogilas: Tarihin Jere Daga Bakin 'Yar Dillaliya

Ranar da aka je jeren autata, cikin watan Disambar 2024, ni ban bi su ba, domin a al'adarmu uwa ba ta zuwa jeren 'yarta. Ƙannena da gwaggwannin yarinyar su suka tafi da kaya tun da hantsi, ni kuwa na zauna gida ina amsa gaisuwar masu zuwa Allah-ya-sanya-alheri. Can da la'asar sakaliya sai ga ƙanwata ta shigo fuska a murtuke, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, yau kam kin ja mana." Na ce, "Lafiya?" Ta ce ai wata ce daga cikin dangin ango ta zagaya ɗakin, ta ƙwanƙwasa gado da yatsa, ta leƙa bayan sif, sannan ta dubi ta kusa da ita ta ce, da muryar da kowa zai ji, "Au, ashe kwance ne."

To, ba ta yi ƙarya ba, kwance ne. Gadon da sif ɗin a hannun wasu mutane na saye su da za su tashi daga gari, labulayen kuma daga Ƙofar Wambai suka fito. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, maganar ta sosa mini rai, har tuwon dare ya gagare ni. Amma da na kwanta sai wani tunani ya danne ɓacin ran, wai shin yaushe ne kalmar nan ta koma zagi a garin nan? Ni dai na san lokacin da ba haka take ba, kuma ina da bakin magana, domin da kuɗin kwance aka raine ni. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, dillaliya ce a cikin birnin Kano, ni ce kuma mai ɗaukar mata kaya tun ina 'yar shekara 8.

Aikin dillaliya shi ne ta shiga inda kasuwa ba ta iya shiga. Matan aure suna kulle, ba su zuwa Kurmi, saboda haka sai kasuwar ta bi su har ɗaka a kan dillaliya. Wadda buƙata ta taso mata sai ta aika a kira Inna, ta rufe ƙofa, ta ciro zane ko kwano ko awarwaro ta ce a sayar mata. Inna ta ƙulle a tsumma, ni in ɗauka, mu bi gida-gida har a samu mai so. In an yi ciniki ta cire la'adarta, ta kai wa mai kaya sauran. Babban jarin sana'ar kuwa riƙon sirri ne, domin har Inna ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin ta faɗa wa mai saye daga ɗakin da kaya suka fito ba. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta maƙala a 1969 a kan cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ita ce dai ya ɓoye mata, mu kam a kanmu yake yawo.

Bari in soma daga kakata, wadda ta haifi Inna. Takan ce tana goye Turawa suka ci Kano, wato a 1903 ke nan. Jerenta ƙorai ne, daga masaki har ƙoƙo, da akushi, da faya-fayai masu launi da ake maƙalawa a bango, da ragaya da ake ratayawa daga rufi. Ƙasan ɗaki kuwa daɓe ne, wanda mata ke taruwa su buga da madaɓi, a zuba masa makuba ta ɓawon ɗorawa har ya yi santsi yana ɗaukar ido. A wancan zamani abu ba ya mutuwa sau ɗaya. Ƙwarya in ta tsage sai a jira gyartai ya zo wucewa ya ɗinke ta, kuma ɗinkakkiyar ƙwarya ba ta fita daga aiki, sai dai a daina zuba mata ruwa a koma zuba gari. In ta fashe gaba ɗaya a fitar da mara ta kwasar tuwo, abin da ya rage ya zama sakaina ta ɗiban wuta ko kwasar shara. Tukunya ta fashe, gindinta ya koma kaskon kaji. Zane ya tsufa ya zama majanyi, daga nan ya koma gammo, ƙarshensa a murza shi lagwani a cinna masa wuta.

Abin da ya fi kowane daraja a ɗakin Kaka shi ne tasoshinta guda 6 na tagulla. Biyu aikin Bida ne, da zane a jikinsu, sauran na maƙeran fari ne na nan gida. Ba a cin abinci a cikinsu sai ranar suna ko salla. A goge su da toka da tsamiya, a kife su a saman jere. Su ma ba sababbi ta same su ba, uwarta ce ta ba ta, kuma da alfahari ake faɗin haka a ranar jere: wannan ta kakarta ce, wannan ta gwaggonta ce. Yarinyar da ta shiga ɗaki da kaya duk sababbi, to, tausayinta ake ji, domin alama ce ta ba ta da tsofaffi a bayanta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka biyo shi, kantunan Turawa irin su John Holt da GBO da CFAO suka cika da kaya. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, talaka bai iya sayen yawancin kayan kanti ba, amma mazubin da kayan suka zo a ciki ya gaje shi. Ɗauki garwa. Da kananzir ko fetur take zuwa, mai cin galan 4. In mai ya ƙare sai rayuwarta ta gaskiya ta soma. A yanke mata baki a sa mata itace, mai ga-ruwa ya rataya biyu a sanda ya shiga gari da su. A auna man gyaɗa da ita. A farke ta a miƙar, a buga a jikin ƙyaure, ko a lulluɓe adaka da ita don kada gara ta ci. 'Yan tinka kuma su yanka ta su fitar da mazurari da ludayi da maɗebin mai. Gidanmu ƙyauren zaure na garwa ne, har ana iya karanta sunan kamfanin man a jikinsa, a kife.

Gwangwanin madara ma haka. Shi ne ya zama ma'aunin shinkafa da sukari da har yau muke ciniki da shi, shi ne kuma tinka ke sa wa murfi da ɗan bututu ya zama aci-balbal, fitilar da muka yi tallan dare da ita. Kwalba kuwa ba a taɓa yar da ita ba, ta manja daban, ta kananzir daban, ta turare a jera ta kan taga don ado. Wadda ta fashe ma tana da masu so, domin 'yan Masaga na Bida narka kwalabe suke yi su fitar da duwatsun wuya da awarwaro, mu kuma mu saya mu yi kwalliyar salla da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai sana'ar zubin alminiyam ta bazu a Afirka ta Yamma, ana narka tsofaffin kayan mota da tarkace a zuba a cikin yashi, a fitar da tukunyar nan mai kauri da kowace amarya ke tafiya da ita har gobe. Tayar mota ta ba mu takalmi, robar cikinta ta ba mu guga. Buhun fulawa, lokacin yana na ƙyalle, a wanke shi da sabulun salo har rubutun ya dushe, a yi masa surfani da zare ja da kore, ya zama rigar matashin kai. Na kwana a kan irinsa shekara da shekaru.

Amma zamanin da dillalai suka ci kasuwarsu shi ne zamanin langa. Kwanukan nan masu fenti, langa da samira da kwalla da fanteka, da farko daga Turai ake kawo su, musamman Cekoslobakiya, daga baya na Hong Kong suka yi yawa, sannan wajen shekarun 1960 'yan kasuwar can suka zo suka kafa masana'antunsu a Legas da nan Kano. Suka yi araha, suka kori ƙwarya daga bango zuwa madafa. Wanda bai ga ɗakin amarya na wancan lokaci ba, da wuya bayani ya ishe shi. Ana ɗora su ne babba a ƙasa, ƙarami a sama, layi-layi har su kusa taɓa rufi, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, ga gadon ƙarfe mai rumfa a gefe an ɗaga shi a kan bulo ko gwangwanaye, an tara masa katifa da matasai. Mutum ya shigo daga rana sai ya tsaya ya ɗan runtse ido.

Kwanukan nan ba don a ci abinci ake tara su ba. Banki ne. Mace ba ta da asusu, ba ta da gona a hannunta galibi, amma kayan ɗakinta nata ne, miji ba shi da iko da ko murfi ɗaya, kuma in aure ya mutu da su take fita. Ribar fura ko ƙuli-ƙuli in ta taru, ko aka kwashi adashi, sai a mayar da kuɗin saitin langa, domin kuɗi a hannu kowa na iya roƙa, amma ba mai cewa ara mini kwalla in sayar. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, ko bikin ƙawa ya taso, sai a sauke saiti ɗaya a kira Inna. Wanda ya san gida yana iya duban bangon mace ya gane ko shekarar ta yi mata kyau.

Yayi kuma shi ke juya kasuwar. Sabon zane ya fito, matan masu hali su sauke na bara su ɗora na bana. Inna ta kwashi na baran ta kai wa masu ƙaramin ƙarfi a cikin gari, in sun gama yayinsa a can kuma ta ba 'yan ƙauye masu zuwa cin kasuwa. Da idona na ga saiti ɗaya ya yi aure uku, kuma kowace amarya da murnarta ta shiga da shi. In ya soma ɓarewa a sauke shi madafa, in ya huje tinka ya liƙe da dalma, in ya ƙi liƙuwa a ba awaki ruwa a ciki ko a dasa masa na'ana'a. Har magina ba su bar shi ba, duk wanda ya ɗaga kai a wasu tsofaffin soraye na Kano da Zariya zai ga faranti ko tasa an dasa a tsakiyar rufi, daidai inda bakan ginin suka haɗu.

Kada dai mai karatu ya ce tsohuwa ta zauna tana yabon zamaninta kawai. Wancan lokaci ma akwai gasa, akwai gori. Mata kan tsaya su ƙirga kwanukan amarya ɗaya bayan ɗaya, su fita da lissafin a baki. Kuma yawancin langar nan da guminmu aka saye ta, mu 'yan mata, domin kuɗin talla ake tarawa, tallar kuwa ita ta hana da yawa daga cikin sa'o'ina shiga aji. Ni ma da ƙyar na tsira, albarkacin wani kawuna da ya kafe sai na yi makaranta. Abin da nake cewa kawai shi ne, a gorin wancan zamani ana tambayar nawa ne, ba a tambayar wa ya fara amfani da shi.

A ganina Udoji ne ya sauya tambayar. An canja kuɗi daga fam zuwa naira a farkon 1973, kuɗin man fetur suka malalo, sannan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ya ɗauki sunan shugaban kwamitin, Jerome Udoji, haɗe da ariyas na watanni. Mutumin da bai taɓa riƙe naira 100 a dunƙule ba ya wayi gari da ɗaruruwa. Aka afka wa kantuna, rediyo, babur, fanka, agogon bango. Ɗakin amarya ma ya karɓi rabonsa: gadon fomeka mai madubi da fitilu a kai, kujerun kushin, ledar ƙasa, da shogilas da ake jera tangaran da kofunan gilashi a ciki. Daga nan aka fara jin "sabo dal" da "a ledarsa" a bakin mata a matsayin yabo. Langa ta zama ta 'yan ƙauye, tasa kuwa ta zama kayan tsofaffi.

A cikin wannan guguwa aka yi aurena, a 1977, kuma a nan ne zan faɗi laifina. Kaka ta rasu kafin nan, tasoshinta 6 suna hannun Inna, ta goge su tas ta sa a cikin kayana. Na yi tsalle na dire na ce ba za a kai mini su ba, ƙawayena 'yan makaranta za su yi mini dariya. Inna ba ta ja da ni ba, ta dai ce wa masu jere su tura su ƙarƙashin gado. Suka yi wata bakwai a can. Wata rana mai musanya ya zo wucewa, irin masu yawo da robobi suna karɓar tsofaffin kaya, na aika yaro ya kira shi. Na ba shi tasoshin nan duka, ya ba ni bokiti biyu na roba da baho ɗaya da kwandon wanke-wanke, har ina ganin na cuce shi. Da Inna ta zo ganina ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗago ta dubi bokitan, ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Da kin kira ni ai, ko ba komai na san kuɗinsu." Bahon bai kai damina biyu ba ya tsage.

Ba a daɗe ba rana ta juya. A 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu, a 1986 ta Babangida ta kawo SAP. Nairar da a 1980 ta fi dala daraja, a watan Satumba na 1986 sai da aka ba da sama da naira 4 kafin a samu dala ɗaya. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suka shiga rage ma'aikata, a 1987 abin ya faɗo kan maigidana, wanda ke aiki a wata masaƙa. Ga yara huɗu, ga kuɗin haya. Sai na yi abin da na ga mata suna yi tun ina yarinya, na rufe ƙofa na aika a kira mini dillaliya, wato uwata.

Ranar na koyi abin da makaranta ba ta koya mini ba. Inna ta zagaya gadon fomekan nan da nake taƙama da shi, ta sa farce ta ɗaga gefensa, sai ga gari yana zuba. Ashe cikinsa ba katako ba ne, dussar katako ce aka matse da gam aka lulluɓe da fallen ƙyalli, danshin shekara goma ya kumbura shi. Kallon kitse na yi wa rogo. Shogilas ɗin ma haka, in aka ɗaga shi sai ya rabu. Tangaran rabi sun fashe, kuma saitin da ya rasa ɗaya ba shi da kasuwa. Abin da ya fitar da mu kunya shi ne kwalla huɗu da samira da Inna ta cusa mini da ƙarfi, da keken ɗinki Singer na hannu wanda shi ma kwance ta saya mini. Kwallayen aka sayar muka biya haya, keken kuma na hau shi, shi ya ciyar da gidan kusan shekara biyu. Tasoshin Kaka da suna nan, da su kaɗai sun isa. Inna ba ta tuna mini ba, ni ma ban tayar ba.

Tun daga SAP ɗin nan kwance ya dawo gari da ƙarfinsa, sai dai ya dawo da wata sabuwar fuska. Asalin gwanjo shi ne cinikin da ake yi a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka, amma sai kalmar ta koma sunan dilolin tufafi da labule da zannuwan gado da ake kwancewa a Ƙofar Wambai. Mai gini ya nufi Ƙofar Ruwa neman tsohuwar ƙofa da taga da rodi. Firji da talabijin da mota kuma suka riƙa shigowa ta Kwatano, aka sa musu suna Beljiyam. Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun sha tasu, domin a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Na taɓa zuwa biki Yamai bayan nan, aka kai ni kasuwar Katako, na ga yadda ake mayar da tsohuwar durom da ƙarafan mota su zama murhu da bokiti da akwati da tukunya, ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi.

Ga inda abin yake ba ni mamaki, jama'a. Mutum zai bugi ƙirji ya ce firjinsa Beljiyam ne, ya fi sabo ƙarko, kuma gaskiyarsa. Hajiya za ta shiga motar da wani Bature ya gaji da ita, ta kafa gilashi tana taƙama. Wato kwancen wanda ba mu sani ba, daga ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba, abin alfahari ne. Amma gadon da maƙwabciya ta kwanta a kai, ko kwanon da kaka ta bari, shi ne abin gori. Kuma duk ɗakunan gida an yafe musu, ban da ɗakin amarya. Shi kaɗai aka ce lalle sai sabo, alhali shi ne ɗakin da ake ɗora wa uba a lokacin da ya fi kowane lokaci rashin kuɗi.

Abin da wannan ke jawowa kowa ya sani a unguwarsu. Na san yarinyar da aka sa wa rana sau uku ana ɗagawa don kafinta bai gama karɓar kuɗinsa ba. Na san dattijon da ya sayar da gonar gado ya yi kujerun da ba su kai haihuwar fari ba suka zube. Har hukuma ta shaida nauyin, domin tun da aka fara auren gata a Kano a 2012, gado da katifa da sauran kayan ɗaki na cikin abin da gwamnati ke bayarwa, haka aka yi wa ma'aurata 1,800 da aka ɗaura wa aure a watan Oktoban 2023. A 2024 kuwa, shekarar da zan aurar da tawa, dala ta haura naira 1,500, kafinta in ya faɗi kuɗi da safe, da yamma sai ya ce katako ya tashi. Mahaifinta ya rasu, fansho ne a hannuna. Na zauna na yi lissafi, na ga ko dai in ci bashin da zan mutu ban biya ba don a yi mata na yayi, ko in koma sana'ar uwata.

Dillalai ba su ƙare ba, waya suka koma, hoto ake turawa. Ta haka na ji labarin mutanen nan masu tashi. Na je da kaina, na yi yadda Inna ke yi, na sa farce a gefen gadon, na ƙwanƙwasa, na sa aka ɗaga shi na ji nauyi. Katakon maɗaci ne zalla, ya fi autar tawa shekaru. Kafinta ya kankare tsohon fentin da samfefa, ya ɗaure inda ya saki, ya shafa banish sau uku, sai ga jan katakon ya fito kamar an yanka shi jiya. Katifa kam sabuwa na saya, wannan ba a yi mata kwance. Labulayen Ƙofar Wambai sun yi tsawo, na rage su, ragowar na ɗinka rigunan matasan kujera, ɗaki ya zama launi ɗaya. Ƙafar wani mataccen keken ɗinki, ta baƙin ƙarfe mai ado, aka ɗora mata katako da madubi ta zama wurin kwalliya. Tsohon turmina da ya tsage aka kife shi, aka yi masa 'yar katifa a ka, ya zama kujerar zama gaban madubin. Adakar Inna kuma, mai lulluɓin garwa, na sa aka yi mata fenti kore aka ajiye a ƙarshen gado don zannuwa. Kuɗin da suka ragu na saya mata keken ɗinki da 'yan kunne na zinari, domin a zamanin nan su ne za a iya saukewa ranar da aka rufe ƙofa.

Abu ɗaya ya rage mini. Na shiga Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, na bi rumfunan masu kayan gargajiya ina neman tasa. Sun yi wuya yanzu, da yawa 'yan gwangwan sun auna su a sikeli an narkar, waɗanda suka tsira kuma baƙi ake ajiye wa. Da ƙyar na samu ɗaya aikin Bida, da ɗan lotsawa a baki, kuɗinta sai da ya sa na zauna a bencin mai rumfar. Ina juya ta ina duban zanen, ina cewa a raina ko tana cikin shidan nan. Na biya. Na goge ta da toka da tsamiya da hannuna, na ce wa ƙanwata a ɗora ta a saman sif, inda duk wanda ya shigo zai gani.

Sai da ta yi wata biyu a ɗakinta sannan na je. Ta tare ni da murna, ta shimfiɗa mini darduma, ta shiga madafa. Ɗakin tsaf, sai ƙamshin turaren wuta. Gado na nan, turmi na nan, adakar an lulluɓe ta da wani ƙyalle mai fure har ƙasa, ba a ganin ko kusurwarta. Na ɗaga kai saman sif, ba komai sai akwatin biki. Na saurara na ji motsinta ya yi nisa, sannan na dafa gwiwa na sunkuya na leƙa ƙarƙashin gado. Tana can ciki, a kife, kusa da takalma.

Na koma na zauna kafin ta shigo da ruwa. Ta durƙusa ta ce, "Umma, ya hanya?" Na ce, "Lafiya lau. Wannan labule ya karɓi ɗakin nan."